Takarar Kansila da Kare Muhalli a Yankin Noman Rani na Bunkure da Kura

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko ya dace mai fafutukar kare muhalli a yankin noman rani na Bunkure da Kura ya tsaya takarar kansila. Ta dogara da tarihin aikin ban-ruwa na Kogin Kano, da tanadin tsarin mulkin 1999, da sakamakon zaɓukan ƙananan hukumomin Kano. Matsayinta shi ne takarar na da amfani, amma ga wanda ya fito daga cikin manoma kuma bai jingina ƙungiyarsu ga jam'iyya ba.

Tushen Matsalar

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, kuma daga gare ta ake tura ruwa zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam. An tsara kashin farko na aikin a kan kimanin hekta 22,000, sannan kula da shi ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda gwamnatin tarayya ta kafa a 1976. Alherin da aikin ya kawo ba ya ɓuya: shinkafa da alkama da albasa da tumatir da ake lodi a kasuwar Kwanar Gafan sun sauya tattalin arzikin yankin. Sai dai ruwan da aka shigar gona dole ya sami mafita, kuma a nan ne matsalar muhalli take. Idan magudana ta cika da laka da kacalla, ruwa ya kwanta a gindin shuka, ƙasa ta jiƙe fiye da ƙima, a kwana a tashi ta fara fid da farin gishiri a kan kunya. Kwantaccen ruwan nan shi ne mazaunin sauro da kuma dodon-koɗin da ke yaɗa tsargiya ga yaran da ke wanka a bakin hanyar ruwa. Tun bayan ɓarnar tsutsar tumatir ta 2016, wadda manoma ke kira sharon, feshi ya zama mafakar mai gona, kuma ba baƙon abu ba ne a ga matashi da tankin feshi a baya, ba safar hannu ba takunkumi, ya gama ya ɗauraye tankin a ruwan da na ƙasa da shi zai sha. Illar ba ta tsaya a Kano ba. Binciken Edward Barbier da Julian Thompson na 1998 ya nuna cewa asarar da rage ambaliyar damina ke jawo wa fadamun Haɗeja da Nguru ta fi ribar da manyan ayyukan ban-ruwa na sama ke samarwa.

Hurumin Kansila

Ƙalubale na farko da za a kawo shi ne ruwan na gwamnatin tarayya ne, kansila ba shi da ikon buɗe ƙofar Tiga ko rufe ta. Wannan gaskiya ne, amma bai kai ga zuciyar batun ba. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kula da magudanun ruwa da tituna da kasuwanni da kwashe shara, ya kuma ba ta hannu a kiwon lafiya da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ta ikon bayar da shaidar mallakar gargajiya a filayen karkara. Idan aka jera waɗannan ayyuka kusa da matsalolin da aka lissafa a sama, za a ga kusan kowace illa tana sauka ne a inda hurumin hukumar tarayya ya ƙare, na ƙaramar hukuma ya fara: magudanar da ta ratsa gari, ruɓaɓɓen tumatir da aka jibge bayan kasuwa, robobin maganin feshi da ake sake zuba ruwa a ciki, asibitin mazaɓa da ba shi da maganin tsargiya. Majalisar kansiloli ce ke yin dokokin ƙaramar hukuma, ita ke amincewa da kasafin kuɗi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wakilin mazaɓar Gafan ko Barkum da ya san wace magudana ce ke toshewa kowace shekara yana da ilimin da ba ya cikin takardun kowane ofishi. Aikin Elinor Ostrom, wadda ta sami kyautar Nobel a 2009, ya tabbatar da cewa tsarin ban-ruwa ya fi ɗorewa idan masu amfani da shi na da hannu wajen kafa ƙa'idoji da sa ido. Shirin inganta ban-ruwa na TRIMING da Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 ya bi wannan tunani wajen ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, amma waɗannan ƙungiyoyi ba su da kujera a inda ake raba kuɗin jama'a.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi. Sashe na 221 na tsarin mulki ya hana takara ba tare da jam'iyya ba, kuma zaɓen ƙananan hukumomin Kano ya saba tafiya da mai riƙe da gwamnatin jiha. A Janairun 2021 APC ta lashe shugabanni 44 da kansiloli 484, a ranar 26 ga Oktoban 2024 kuma NNPP ta kwashe su duka. A zaɓen 2024 hukumar zaɓen jiha ta fara sanya naira miliyan 5 a matsayin kuɗin fom na kansila, abin da ya kai ga shiga kotu. Wane manomin kadada ɗaya ne zai iya wannan ba tare da ubangida ba? Ba daidai ba ne a raina wannan hujja. Abin da take nunawa shi ne ainihin gasar tana wajen fid da ɗan takara a cikin jam'iyya, kuma a can abin da ake aunawa shi ne yawan jama'ar da mutum zai iya tarawa. Mai fafutukar da ya jagoranci aikin gayyar yashe magudana, ya sasanta rikicin rabon ruwa tsakanin na sama da na ƙasa, yana zuwa teburin da jarinsa. Wangari Maathai ta kafa ƙungiyar dashen itatuwa a Kenya a 1977, kuma sai a 2002 ta ci kujerar majalisa. Aikin ƙasa ne ya riga kujera. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa kujerar daraja, ko da yake aiwatar da shi na jan ƙafa.

Akwai masu cewa manomi taki yake so da farashi mai kyau, ba huɗubar muhalli ba. Wannan rabuwa ta birni ce. A Bunkure, gonar da ruwa ya kwanta mata buhunan shinkafa take ragewa, yaron da ke fitsarin jini kuma kuɗin magani ne da makaranta da aka rasa. Ɗan takarar da ya iya faɗar batun da wannan harshe bai kawo wani baƙon abu ba.

Haɗarin da ya rage shi ne kujera ta haɗiye mai fafutuka, ƙungiyar manoma ta zama reshen jam'iyya, wanda bai bi ba a hana shi ruwa ko taki. Wannan zai fi toshewar magudana ɓarna, domin rabon ruwa ba ya yiwuwa sai da amanar kowa. Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na Bunkure da Kura su sanya a ƙa'idarsu cewa duk jagoran da ya sayi fom ya sauka daga muƙaminsa, su kuma nemi kowane ɗan takara, ko daga wace jam'iyya yake, ya rubuta magudanun da zai sa a kasafin kuɗi, a karanta takardar a gaban dagaci da manoman mazaɓarsa kafin ranar zaɓe.