ASALIN TASAR BAIKONMU

Da yawa cikinmu mun tashi mun tarar ana karɓar baiko da tasar nan ta tagulla. Dattawan Ikkilisiya sun tabbatar mana daga ƙasar Bama ta fito.

A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun ɗebi samarin ƙasar Kano aikin soja. Runduna ta 81 ta tafi Indiya a 1943, ta 82 ta bi ta a 1944. Su suka ƙwace Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945.

Ɗayansu, manomi daga ƙauyenmu a ƙasar Bichi, ya yanki gindin kwanson harsashin igwa a sansani, ya bubbuga shi har ya zama tasa. In an kife ta za a ga 1943, shekarar da aka ƙera kwanson. Ya dawo da ita a 1946. Ɗansa ya gaje ta, ya kawo ta ranar da aka fara sujada a nan.

'Yan'uwa, yau 'yan gwangwan suna bi gida-gida neman tagulla. Kada mu yarda a ɗora wannan bisa sikeli. Mu gaya wa 'ya'yanmu wanda ya yi ta.