DIREBAN TASI A SHEKARAR KULLE: TARIHIN DA MUKE NEMAN MANTAWA

Jama'a, in ana maganar korona yanzu, takunkumi da wankin hannu kawai ake tunawa, sai a yi dariya a wuce. Ni direban haya nake so mu tuna, don tarihinsa bai kamata ya bi ruwa ba.

Tun kafin annobar ma tasi na cikin wani hali a biranen Arewa. Acaɓa ya fara ƙwace mata fasinja, sannan Keke Napep ta zo. A Kano, bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnati ta hana acaɓa, amma A Daidaita Sahu ce ta gaji kasuwar. Direbobin tasi da dama suka koma jigila tsakanin garuruwa, irin hanyarmu ta Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi. A haka cutar ta same su.

Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Legas, wani ɗan Italiya. Ranar 30 ga Maris aka kulle Legas da Abuja. Farkon Afrilu cutar ta ɓulla a jiharmu da rasuwar wani likita a Daura. Gwamna Aminu Bello Masari ya rufe Daura, cikin watan aka rufe Dutsin-Ma da birnin Katsina. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya sanar da kulle Kano, da dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe, da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, wadda ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. Duk wannan ga azumi ya kama tun 24 ga Afrilu.

To, a nan ne lissafin yake. Mu ma'aikata an ce mu zauna gida, kuma ƙarshen wata albashi ya shigo. Direba fa? Abincin gidansa yana cikin tayar motarsa. Da yawansu motar ma ba tasu ba ce: kullum sai ya cire kuɗin mai, ya biya kuɗin tasha, ya kai wa mai mota balas, abin da ya rage shi ne cefane. Ranar da mota ba ta fita ba, tukunya ba ta hau wuta ba. Bayansa kuma akwai ɗan kamasho, da bakanike, da mai faci, da mai abincin tasha, duk a kansa suka rataya.

Mu nan ƙasar Dutsin-Ma, daga Makera har cikin gari, abin ya zo mana biyu. An rufe makarantu a watan Maris, ga yajin aikin ASUU da ya kai har Disamba. Ɗaliban jami'ar tarayya su ne babban fasinjan garin nan, sai aka yi wata tara babu su.

Da aka sassauta, sai aka ce a rage fasinja saboda tazara. Motar da ta saba ɗaukar shida ta koma uku ko huɗu, alhali man da za ta sha bai ragu ba. Direba ya ƙara kuɗi, fasinja ya kira shi azzalumi. Gaskiya ne an rage fetur daga naira 145 zuwa 125 a watan Maris, amma ina amfanin mai da araha ga motar da ke ajiye? Kafin shekara ta ƙare, lokacin da hanya ta buɗe, litar ta haura 160.

Ga kuma hatsarin cutar kanta. Mutum ne a cikin ɗan akwati, yana shaƙar numfashin baƙi tun safe, yana karɓar kuɗi hannu da hannu, kuma shi ake kira a kai mara lafiya asibiti. A Ingila, inda ake ƙidaya komai, hukumar ƙididdiga ta gano direbobin tasi na cikin mazan da cutar ta fi kashewa.

Tallafi ya zo, amma a makare. Sai wajen ƙarshen shekara gwamnatin tarayya ta fito da shirin ba masu sufuri naira 30,000 sau ɗaya, rajistar kuma ta nemi BVN da asusun banki, abin da ba kowane direba ke da shi ba.

Annoba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Murar 1918 ta shigo Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo har Kano. Kullum hanya take bi, don haka duk ranar da wata ta sake zuwa, direba za a fara tsayarwa.

Shi ya sa nake ganin tun yanzu ya kamata ƙungiyoyin direbobi da ƙananan hukumomi su samar da cikakkiyar rajistar direbobin kowace tasha, a kuma riƙa ware wani kaso na kuɗin da suke biya kullum a asusun ko-ta-kwana. In ka hana mutum fita don a tsira, to haƙƙinsa ne ka san abin da iyalinsa za su ci.

Direbobin da ke nan, ku faɗa mana yadda kuka yi a wancan azumin. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kiyaye mu da maimaicin irinta.