Noman Tumatir A Lambun Gida

Tumatir tsiro ne da asalinsa ya fito daga yankin tsaunukan Andes na Kudancin Amurka, dangi ɗaya da tattasai, attarugu, gauta da dankalin Turawa. A Najeriya an fi noma shi da rani a jihohin Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa, shi ya sa yakan yi tsada idan damina ta kama. Ƙaramin fili a bayan ɗaki, ko 'yan buhuna a tsakar gida, na iya rage wa iyali wannan ɗawainiya.

Lokacin shuka ne ginshiƙin aikin. Tumatir ya fi yin kyau a zafin digiri 21 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyos. Idan zafi ya haura digiri 32, furensa yakan kakkaɓe bai ɗaura 'ya'ya ba. Don haka a Arewa akan yafa iri a watan Satumba ko Oktoba, domin fure ya dace da sanyin hunturu. A Kudu, inda ruwan sama da laima suka yawaita, akan ɗaga kunya don kada ruwa ya kwanta a gindinsa. Daga cikin irin da aka fi sani akwai Roma VF da UC82B, masu tauri da jure ajiya.

Iri yakan tsiro cikin kwana 5 zuwa 10. Bayan mako huɗu ko biyar sai a dasa shi da yamma, a bar tazarar santimita 45 zuwa 60 tsakanin kowane gindi, a wurin da rana ke samu aƙalla awa shida. Mai shuka a buhu zai huda ƙasansa, ya cika shi da ƙasa mai zurfin aƙalla santimita 30, gauraye da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa.

Ban ruwa yana buƙatar ƙa'ida. Ana zuba ruwan a gindi da safe, ba a kan ganye ba. Idan aka bar ƙasa ta bushe ƙayau sannan aka malala mata ruwa, 'ya'yan sukan tsage, ko gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kan ƙasar yana riƙe danshi, kafa sanda kuma yana hana 'ya'yan taɓa ƙasa.

Babbar barazana ita ce tsutsar Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. A 2016 ta yi ɓarnar da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir. Tana shiga cikin ganye ta bar fararen tabo, sannan ta huda 'ya'ya. Matakin farko shi ne duba ganye kullum, a cire wanda ya kamu a ƙona shi, a kuma fesa jiƙon 'ya'yan darbejiya. Ba a maimaita tumatir a ƙasar da aka cire shi ko danginsa, domin cututtukansu na zama a cikinta.

Akan fara tsinka wata biyu zuwa uku bayan dashe. Abin da ya yi rara akan yanka shi a shanya ya zama kauɗa, a adana don miyar damina.