Kiɗan Jaz da Yadda Ya Shiga Faifai

Mutumin Ƙofar Marusa a birnin Katsina ba baƙon kiɗa ba ne. Tun yana yaro yake jin algaita da kakaki ran hawan salla, ya san taushi, ya san kalangu. Amma in aka sa masa tsohon faifan kiɗan nan na Amurka da ake kira jaz, da wuya bai ce hayaniya ce ba, kowa na busa abin da ya ga dama. Dalili kuwa, ba a gaya masa inda kiɗan ya fito ba, balle yadda ake sauraronsa.

Asalinsa wani birni ne a kudancin ƙasar Amurka, sunansa Niyu Olins, kusa da inda kogin Misisifi ya faɗa teku. Can akwai bayi da yawa waɗanda aka kwaso kakanninsu daga Afirka ta Yamma da ƙasar Kwango. Ran Lahadi akan bar su su taru a wani fili, su yi kiɗa da rawa irin na gida. A 1865 aka hana bauta a ƙasar. Jikokinsu suka sami ƙahonin badujala irin na soja, suna busawa wurin biki da rakiyar gawa. Sai dai ba su tsaya kan abin da aka rubuta a takarda ba, suka riƙa lanƙwasa sauti, har ƙaho ya yi kuka kamar muryar mutum.

Da ba domin garmaho ba, da watakila kiɗan ya tsaya a garinsu. A 1917 aka yi faifan jaz na fari a birnin Niyu Yok, abin mamaki kuwa Turawa biyar ne suka yi shi, ba masu abin ba. A 1923 aka ɗauki ƙungiyar King Oliver, cikinsu har da wani saurayi mai busa ƙaho, Louis Armstrong, wanda aka haifa a Niyu Olins a 1901. A sa'an nan ba a ɗaukar murya da lantarki. Makaɗa sukan tsaya gaban wani babban mazurari su busa a ciki, sautin ya girgiza allura, ita kuwa ta yi zane a kan kaki. Ganga mai ƙarfi takan sa allurar tsalle, saboda haka akan rage ta. Kowane gefen faifai kuma ba ya ɗaukar fiye da kamar minti 3. To, wanda ya ji tsohon faifai siriri, yana ƙarar yashi, kada ya ɗora wa makaɗa laifi. Sai a 1925 aka soma ɗauka da lantarki.

Ga yadda kiɗan yake tafiya, kuma a nan ne Bakatsine ya fi wasu sa'a. Duk wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, ya san 'yan amshi ke riƙe gindin waƙa, kalangu na riƙe da tafiya, shi kuwa ya fita ya ƙago ɗa nan take, ya kewayo ya dire daidai kan amshi. Haka jaz yake. Da fari a busa gindin gaba ɗaya. Sa'an nan kowane mabushi ya fito bi da bi ya ƙago nasa ɗan, saura suna riƙe masa tafiya, daga ƙarshe a koma gindi. Bambancin, sau da yawa babu kalmomi, ƙahon shi ne mawaƙi. Ba a ce jaz kiɗan Hausa ne ba, gama bayin nan kabilu ne daban daban, kayan busar kuma na Turawa ne. Amma kunnen da ya saba da amshi ya riga ya kama bakin zaren.

Sabon shiga ya fara da faifan Armstrong na 1928, mai suna West End Blues. Ƙaho ne ya buɗe shi, shi kaɗai, kamar kakaki na shelar fitowar sarki. Can tsakiya Armstrong ya aje ƙahon, wata algaitar Turawa tana kira, shi yana amsa mata da murya ba da kalma ba. Ya kamata a ji shi kamar sau uku, kowane karo a bi abin busa guda har ƙarshe.

A 1948 aka fito da faifai mai daɗewa, makaɗa suka sami sarari, irin su Miles Davis da faifansa Kind of Blue na 1959.

A 1960, shekarar mulkin kai, Armstrong ya zo Nijeriya, har ya gana da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, a Kaduna. Bayansa wani gwanin jaz Musulmi, Yusef Lateef, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1981 zuwa 1985. Bincike ya kawo shi, abin da ya fi sa wa ido kuwa shi ne sarewar Fulani makiyaya.