Daga My zuwa Maria: tarihin rumbun da rubutunmu ke kwana a ciki

Yau za mu ɗan ajiye zancen jigo da salo, mu leƙa wurin da rubutunmu yake kwana bayan mun tura shi. Da yawa daga cikinmu ba mu taɓa riƙe littafinmu a takarda ba. Labarin da muka kwashe wata shida muna rubutawa yana cikin waya, ko a Facebook, ko a wani shafi da wani ya buɗe mana. A ƙarƙashin kowane ɗayansu akwai wata manhaja da ake kira rumbun bayanai, aikinta ta karɓi ajiya, ta jera ta, ta fito da ita duk lokacin da aka nema. Tarihin ɗaya daga cikin waɗannan rumbuna muka ɗauko, wato MySQL, domin a cikinsa akwai sayar da haƙƙin mallaka, akwai kuma rigimar da ta biyo bayan sayarwar, abubuwan da ba baƙi ba ne a wurin marubuci.

Asalin tsarin ya faro ne a 1970, lokacin da wani masanin lissafi ɗan Ingila mai suna Edgar Codd, wanda ke aiki da kamfanin IBM a Amurka, ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai a cikin jadawali masu alaƙa da juna. Ku ɗauki mai shagon littattafai. Yana da kundi ɗaya na sunayen littattafai, kundi na biyu na masu karɓar kaya bashi, kowane littafi da lambarsa, kowane mutum da tasa. Idan yana son sanin wa ya karɓi wane littafi, lambobin zai haɗa, ba sai ya sake rubuta sunaye ba. Daga wannan tunani aka samar da harshen tambayar rumbu da ake kira SQL. Kamfanin Larry Ellison, wanda daga baya ya ɗauki sunan Oracle, ya fara sayar da irin wannan rumbu a 1979. Kaya ne masu tsada, na bankuna da gwamnatoci da manyan kamfanoni. Ɗalibi ko ƙaramin ɗan kasuwa sai dai ya ji labari.

A 1995 ne Michael Widenius, ɗan ƙasar Finland da aka fi sani da Monty, da abokan aikinsa biyu 'yan Suwidin, David Axmark da Allan Larsson, suka fito da MySQL. Wancan "My" na farkon sunan ba kalmar Turanci ba ce, sunan 'yar Monty ne. Rumbun bai kai na Oracle iya aiki ba, masana ma sun daɗe suna yi masa dariya kan abubuwan da ya rasa, amma yana da sauri, ba ya da nauyi, kuma duk mai so yana iya sauke shi. Ya zo a daidai lokacin da intanet ke buɗewa, kowa na neman inda zai ajiye sunayen masu shiga shafinsa. WordPress da aka fara a 2003, Facebook a 2004, YouTube a 2005, duk a kansa suka taso, haka ma Wikipedia.

Abin da ya kamata mu tsaya mu fahimta shi ne lasisin. A 2000 kamfanin ya saki MySQL a ƙarƙashin lasisin GPL, wanda Richard Stallman ya rubuta tun 1989. Wannan lasisi ya ba kowa damar ya karanta tushen manhajar, ya gyara, ya raba wa wasu, da sharaɗi guda: idan ka raba abin da ka gyara, dole ka raba shi a buɗe da wannan izini ɗin da kai ma ka samu. To ina kamfanin zai ci abinci? Dabararsu ita ce haƙƙin mallakar manhajar yana hannunsu. Mai son amfani a buɗe ya ɗauka kyauta. Kamfanin da ke son saka MySQL a cikin hajarsa ya rufe ya sayar, sai ya zo ya sayi lasisi na daban da kuɗi. Kaya ɗaya, ƙofa biyu, kuma mai haƙƙin mallaka ne kaɗai ke da makullin ƙofa ta biyu. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Kafin nan, ga wurin da labarin ya taɓa mu kai tsaye. Duk wanda ya daɗe yana karanta Hausa a intanet ya ci karo da shafukan da "ƙasa" ta koma "?asa", ko "ɗaki" ya zama wasu tarkacen alamomi. Ba kullum ne laifin rumbu ba, wani lokacin na'urar mai karatu ce ba ta da harafin. Amma ɗaya daga cikin dalilan yana nan. Shekara da shekaru, idan ka kafa MySQL ba ka canza komai ba, tsarin haruffan da yake zuwa da shi shi ne latin1, na harsunan Yammacin Turai, kuma yana jera kalmomi bisa ƙa'idar harshen Suwidin. A latin1 babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. MySQL ya samu damar ɗaukar Unicode, tsarin da ke ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa, tun fitowa ta 4.1 a 2004, sai dai mai kafa shafi ne zai zaɓe shi da kansa. Sai a 2018, da fitowa ta 8.0, aka mayar da cikakken Unicode abin da ke zuwa kai tsaye. Ba wanda ya yi haka don ƙin Hausa. Mutanen sun gina wa kansu ne da maƙwabtansu. Amma idan rumbu ya riga ya maye gurbin harafi da alamar tambaya ya ajiye, harafin ya tafi ke nan, kuma "ɓari" da "ɗari" sun zama abu guda. Shi ya sa muke ganin ba daidai ba ne a ɗora wa kasalar marubuta kaɗai laifin watsi da lanƙwasa. Wasu sun daina rubuta ta ne saboda sun gaji da ganin ana cinye musu ita.

A Janairun 2008 kamfanin Sun Microsystems ya sanar da sayen MySQL a kan kimanin dala biliyan 1. Masu kamfanin sun samu kuɗi. Abin da suka miƙa kuwa shi ne haƙƙin mallaka da sunan da kuma wancan makullin ƙofa ta biyu. Zaman bai yi daɗi ba, Monty ya fito fili ya soki ingancin fitowa ta 5.1, ya kuma bar Sun a Fabrairun 2009. Wata biyu bayan haka sai ga labarin da ya girgiza kowa: Oracle zai sayi Sun ɗungurungum a kan dala biliyan 7.4. Wato rumbun talakawa zai koma hannun kamfanin da aka ɗauke shi a matsayin kishiyarsa. Oracle ɗin ma tun 2005 ya riga ya sayi ƙaramin kamfanin Finland da ke ƙera InnoDB, ɗaya daga cikin muhimman injinan ajiya na MySQL.

Monty ya tashi haiƙan. Ya nemi jama'a su sa hannu a takardar koke, ya roƙi Hukumar Tarayyar Turai ta hana cinikin ko ta tilasta a ware MySQL. Hukumar ta yi bincike na watanni, Oracle ya yi alƙawura a bainar jama'a, a Janairun 2010 aka amince. A nan ra'ayinmu ya rabu biyu. Muna tausaya wa mutumin da ke kallon aikin rayuwarsa, mai ɗauke da sunan 'yarsa, yana shiga gidan da ba ya so. Amma kuma ai da hannunsa aka sayar. Wanda ka sayar wa gona yana iya sayar da ita ga wanda ba ka ga-maciji da shi, ba kuma sai ya nemi izininka ba. Marubucin da ya taɓa miƙa wa ɗan kasuwa labarinsa ɗungum a kan kuɗi ƙalilan, daga baya ya gan shi da sabon bango, ya san wannan ɗacin.

Abin da ya bambanta Monty da wancan marubucin shi ne lasisin 2000. Izinin da aka riga aka ba duniya ba ya janyuwa. Don haka ya kwafi tushen manhajar kamar yadda kowa ke da damar yi, ya tara tsofaffin abokan aiki, suka ci gaba da gini a 2009 da sabon suna, MariaDB, sunan ƙaramar 'yarsa Maria. Bai iya ɗaukar tsohon sunan ba, bai kuma iya sayar da rufaffen lasisi a kan abin da ya gada ba, waɗannan sun zama na Oracle. An kafa gidauniyar MariaDB a 2012, Wikipedia ta koma kansa a 2013, wanda ke nufin maƙalun Wikipedia ta Hausa ma a can suke kwana. Manyan rarrabe-rarraben Linux irin su Red Hat da Debian su ma sun bi sahu. Gaskiya dai a faɗe ta, Oracle bai kashe MySQL ba kamar yadda aka yi fargaba, gyaran haruffa na 2018 ma a zamaninsa aka yi.

Akwai wani rumbun da ya bi hanya dabam, kuma shi ne ya fi kusa da aljihunmu. A 2000 wani Ba'amurke, Richard Hipp, yana aikin manhaja da ta shafi jirgin ruwan yaƙi, ya rubuta SQLite, ɗan ƙaramin rumbu da ba ya buƙatar sabar, komai yana cikin fayil guda. Shi bai riƙe haƙƙin mallaka ba sam, ya sake shi ga jama'a, amma shi da 'yan tsirarun abokan aikinsa ne ke rubuta shi, ba sa karɓar gyara daga duk wanda ya ga dama. Babu haƙƙin da wani kamfani zai zo ya saye ya rufe. Yau yana cikin kowace wayar Android da iPhone. Saƙonnin WhatsApp da ke wayarmu, har da babi-babin labaran da muke turawa rukuni, a cikin fayil na SQLite suke zaune, shi ya sa idan waya ta faɗa ruwa ba a yi ajiyar kwafi ba, suna iya tafiya tare da ita.

Rigimar lasisi ba ta ƙare da MySQL ba. MongoDB ya canza nasa a 2018, Redis ya yi haka a Maris 2024, dukansu suna kukan cewa manyan kamfanonin hayar sabar na samun kuɗi da aikinsu ba sa mayar da komai. Cikin 'yan kwanaki wasu masu gina Redis suka kwafi fitowar ƙarshe da ke buɗe suka ci gaba da ita da sunan Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux, a 2025 kuma Redis ya dawo da buɗaɗɗen lasisi cikin zaɓin da yake bayarwa. Shi kansa kamfanin MariaDB, wanda ya bambanta da gidauniyar, ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a ƙarshen 2022, abin bai yi masa kyau ba, a 2024 wani kamfanin zuba jari mai suna K1 ya saye shi.