Makomar Maɓoyar Soja Bayan An Ajiye Makamai

Masu iya magana kan ce waiwaye adon tafiya. A wannan maƙala za mu waiwayi wani gado da yaƙi kan bar wa al'umma, wato maɓoyar soja da ake ginawa da kankare, sau da yawa a ƙarƙashin ƙasa. Ana gina ta domin ta jure wa bam, saboda haka rushe ta kan yi wuya ko da buƙatarta ta wuce. Za mu duba yadda ƙasashe uku suka yi da tasu.

Misali na farko shi ne Albaniya. Enver Hoxha, wanda ya mulki ƙasar daga 1944 zuwa 1985, ya rayu cikin tsoron mamaya, har ya sa aka gina maɓoya fiye da 170,000, yawancinsu ƙanana masu kama da kifaffiyar ƙwarya. An zuba siminti da ƙarfe a cikinsu alhali talakawa na fama da ƙarancin muhalli, mamayar kuwa ba ta zo ba. Da mulkin kwaminisanci ya faɗi a farkon shekarun 1990, sai jama'a suka mai da wasu garken dabbobi, wasu rumbu, wasu shagon shan gahawa. A 2014 aka buɗe babbar maɓoyar shugabanni da ke gefen birnin Tirana a matsayin gidan tarihi mai suna Bunk'Art. Na biyu ya biyo baya a 2016, inda ake baje kolin ta'asar 'yan sandan ciki na wancan zamani.

A birnin Hambug na Jamus kuwa, gwamnatin Hitler ta gina wata ƙatuwar hasumiyar harbo jiragen sama a 1942 da gumin mutanen da aka tilasta wa aiki. Kaurin bangonta ya kai mita 3.5, kuma dubban mutane sun fake a cikinta lokacin ruwan bama-bamai. Bayan yaƙi aka ƙyale ta, don fasa ta da nakiya zai iya shafar gidajen unguwar. A 2024 aka buɗe lambu da masaukin baƙi a bisanta.

Mu ma a Nijeriya muna da namu. Bayan faɗuwar Inugu a watan Oktoba na 1967, hedikwatar Biyafara ta koma Umuahiya, inda aka haƙa wa Odumegwu Ojukwu maɓoya, aka kuma ɓoye gidan rediyon Biyafara a wata. Garin ya faɗa hannun sojan tarayya a watan Afrilu na 1969. A 1985 aka ƙaddamar da Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa a can, kuma waɗannan maɓoya suna ƙarƙashin kulawarsa.

Idan muka auna misalan nan, za mu ga hanya biyu: ko a ci moriyar ginin, ko a adana labarinsa. A ganinmu, ta farko ba ta wadatar sai an haɗa ta da ta biyu. Baƙon da ya kwana a hasumiyar Hambug ya kamata ya san waɗanda suka ɗauki simintinta. Haka kuma yawancin 'yan Nijeriya na yau an haife su ne bayan 1970, waɗanda suka ga yaƙin basasa da idanunsu kuwa suna ta ƙarewa. Ɗalibin da ya sauka matakalar maɓoyar Umuahiya, ya ji ƙuncinta da duhunta, zai fahimci abin da littafin tarihi kaɗai ba zai iya koya masa ba.