Yadda tawagogin masu rubuta manhaja ke jagorantar kansu

Jagorancin kai tsari ne da ƙaramar tawagar masu rubuta manhajar kwamfuta ke yanke wa kanta shawara a kan aikin da za a yi, da wanda zai yi shi, da yadda za a yi shi, ba tare da jiran umarnin manaja ba. Batun ya shafi matasan Gusau da Tsafe da Bunguɗu da suka koyi wannan sana'a a jami'a ko ta shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, domin kamfanoni da dama da ke ɗaukar ma'aikata ta intanet a haka suke aiki.

Asalin tsarin

A 1986 malaman Japan biyu, Hirotaka Takeuchi da Ikujiro Nonaka, sun wallafa nazari a kan kamfanoni irin su Honda da Canon, inda suka nuna cewa tawagar da aka sakar wa mara ta fi saurin fitar da sabon kaya. Daga nan Ken Schwaber da Jeff Sutherland suka gabatar da tsarin Scrum a 1995. A Fabrairun 2001 ƙwararru 17 suka haɗu a jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar Agile, wadda ta fifita tawagar da ke tsara kanta.

Manyan nau'o'i

A tsarin Scrum, tawaga ba ta cika wuce mutum 10 ba. Ana kasa aiki zango-zango, kowane zango bai wuce wata guda ba, kuma kullum ana zaman minti 15 domin duba inda aka kwana. Mutum ɗaya ne ke jera buƙatu bisa muhimmancinsu, amma masu rubutun ne ke raba aikin a tsakaninsu.

Ayyukan manhaja na kyauta sun fi dogaro da ƙuri'a. A gidauniyar Apache, wadda aka kafa a 1999, mamba mai ƙuri'a na iya hana sauyi a manhaja muddin ya kawo hujja ta fasaha. Debian na zaɓen shugaba duk shekara. Python kuwa ta koma hannun majalisar mutum biyar bayan da Guido van Rossum ya ajiye jagoranci a 2018.

Akwai kuma Holacracy na Brian Robertson, wanda ke raba iko ga muƙamai bisa rubutaccen kundi.

Inda aka samu cikas

Da kamfanin Zappos ya rungumi Holacracy gaba ɗaya a 2015, kimanin kashi 18 cikin 100 na ma'aikatansa sun karɓi sallama sun tafi. Medium ya watsar da tsarin a 2016, GitHub ma ya naɗa manajoji a 2014 bayan shekaru babu su. Tun farkon shekarun 1970 Jo Freeman ta yi gargaɗin cewa idan babu tsari a bayyane, wasu tsiraru ne ke riƙe iko a ɓoye, kuma babu hanyar tuhumarsu.

Saboda haka tawagar da ke son bin wannan hanya na buƙatar rubuta abubuwa uku tun farko: wa ke da ikon yanke wane hukunci, yadda za a warware saɓani, da yadda za a raba kuɗin aiki.